Na'urorin Gem na Gida na Farko da Begensu a Zamfara

Na'urar gem ta gida ƙaramin akwati ne da ake haɗawa da talabijin, a sa masa kaset, a yi wasa da abin riƙewa mai maɓallai wanda yara ke kira hannu. Ta farko da aka sayar wa jama'a ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a 1972 bisa ƙirar injiniya Ralph Baer. Ko sauti ba ta da shi. Atari 2600 ta biyo baya a 1977, ita ce kuma ta yaɗa tsarin sauya kaset.

Wadda ta fi zama a zukatan 'yan Arewa ta Japan ce. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a 1983, ya kai ta Amurka da sunan NES a 1985, shekarar da Super Mario Bros. ya fito. Sai dai akasarin abin da ya shigo gidajen Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara a shekarun 1990, lokacin da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato a 1996, ba na asali ba ne. Kwaikwayon Famicom ne daga Taiwan da Sin, mai araha, wanda 'yan kasuwa ke saro wa a Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano. Yara ba ruwansu da wannan bambanci, duk Nintendo ne a wurinsu.

Kwaikwayon ma ya fi dacewa da nan. Na'urar da aka yo tsarabarta daga Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin volt 120 da tsarin hoto na NTSC, alhali Najeriya na kan 230 da PAL. In aka jona ta ba taransifoma sai adafta ta ƙone, in ma ta tsira hoton kan fito fari da baƙi.

Kaset ɗin, wanda galibi rawaya ne, yakan yi alƙawarin wasanni 9999 a ciki. Ƙarya ce tsagwaronta: 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a sauya mataki ko launi. A ciki akan sami Mario, da Contra, da wasan tankokin yaƙi na Battle City, da wasan harbin agwagwa na Duck Hunt mai bindigar roba. Bindigar nan haske take karantawa: da an ja kunama sai allon ya yi baƙi na ƙiftawar ido, farin tabo ya bayyana a gurbin agwagwa. Shi ya sa ba ta aiki da talabijin shafaffe na yanzu, sai mai ƙusumbi. Idan kaset ya ƙi tashi kuwa, sai a zare a hura masa iska. Ba hurin ne magani ba, sake zaunar da shi ne. Danshin baki tsatsa yake jawo wa haƙoransa.

Daga baya Sega Mega Drive, wadda ta fito a 1988, ta kawo Sonic da Mortal Kombat, sannan PlayStation ta 1994 ta zo da faifai, wasa ya koma gidan gem inda ake biya a buga ƙwallo.

Begen da magidantan yau ke yi ba na kyan hoto ba ne, don hoton bai taka kara ya karya ba. Na zaman ne. Hannu biyu, yara goma a tabarma, doka ɗaya: wanda ya mutu ya miƙa. Ƙane na roƙon "Yaya, ba ni rai ɗaya", wani lokaci a ba shi hannun da ba a jona ba ya yi ta dannawa. Yawancin wasannin ba a ajiye inda aka kai, saboda haka NEPA na ɗauke wuta, wahalar yini guda ta tafi.

Kamfanonin sun gano akwai kuɗi a wannan bege. A 2016 Nintendo ya fitar da ƙaramar NES Classic ɗauke da wasanni 30. A Zamfara dai an fi komawa ga tsofaffin wasannin ta wayar Android, da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar.