Abincin kaji da ya yi tsami ba ruɓaɓɓe ba ne

Har yanzu akwai masu kiwo da ke ganin in dusa ko gero ta kwana a ruwa ta fara kumfa to shikenan ta lalace, za ta kashe kaji. Ba haka abin yake ba jama'a. Ƙwayoyin da ke sa kamun koko tsami su ne ke aiki a nan, tsamin nan yana hana miyagun ƙwayoyi irin su salmonela sakewa kuma hatsin ya yi laushi kaza ta narkar da shi cikin sauƙi.

Abin tsoro shi ne fumfuna, ita kuwa iska take so, shi ya sa dole ruwa ya shanye kan abincin kamar da yatsa biyu a bokitin roba, a rufe amma kar a toshe gam, a riƙa juyawa safe da yamma, in ya tsotse ruwan a ƙara. Kwana 2 zuwa 3 ya isa, lokacin zafin bazara ma ba ya kai haka. Ka sunsuna, in tsami-tsami ne bismilla, in ɗoyi ne ko ka ga kore ko baƙi a sama zubar kawai. Masarar da ta riga ta yi fumfuna a buhu kuwa jiƙo ba ya gyara ta.

Masu cewa wai abincin ninkuwa yake, ruwa ne fa ya kumbura shi. A zuba wa kajin iya wanda za su cinye nan take a wanke mazubin, kuma rigakafi na nan daram, jiƙo ba ya maye gurbinsa.