Efijinom

Efijinom shi ne jimillar alamomin sinadari da ke manne a jikin DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, da kuma furotin ɗin da yake naɗe a kansu, waɗanda ake kira histon. Alamomin nan ba sa taɓa rubutun gadon kansa, aikinsu tantance wace ƙwayar gado (wato sashen DNA mai ɗauke da umarnin wani aiki) za ta yi aiki, wacce za ta yi shiru. Shi ya sa ƙwayar halittar hanta da ta ƙwaƙwalwa suke ɗauke da DNA iri ɗaya, amma kowacce da aikinta. Kamar wasulla ne a rubutun ajami: baƙaƙen suna nan yadda suke, wasalin ne ke nuna yadda za a karanta.

Conrad Waddington, masanin halitta ɗan Ingila, shi ya raɗa wa fannin nazarin nan suna efijinetiks a 1942. Alamar da aka fi nazari ita ce metil, ɗan ƙaramin sinadari da ke hawa kan saitosin, ɗaya daga cikin haruffa huɗu na DNA. In ya taru a farkon ƙwayar gado, yawanci yakan rufe ta. A 2015 wani babban shiri na Amurka ya fitar da taswirar efijinom 111 daga sassa daban-daban na jikin mutum.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda cimar uwa ke barin sawu. A lokacin sanyi na 1944 zuwa 1945 an yi mummunar yunwa a yammacin Holan. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a yunwar suna da ƙarancin metil a ƙwayar gado ta IGF2, mai taimaka wa girman ɗan tayi, idan aka kwatanta da 'yan uwansu na ciki ɗaya, bayan shekara sittin. A ƙauyukan Gambiya ma an gano bambanci tsakanin yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da na rani. Sai dai a yi hattara da masu cewa alamomin suna bin zuriya har jikoki. An ga haka a tsirrai, amma a ɗan Adam akasarinsu gogewa suke yi a farkon samuwar ciki.

A ciwon daji alamomin kan rikice. Tun 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka lura cewa DNA ɗin ƙari yana rasa metil, daga baya kuma aka gano ƙwayoyin gadon da ke hana ƙari girma ana rufe su da shi. Tunda alama ce, ana iya cire ta. Maganin azasitidin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004, haka yake yi ga wata cutar ɓargo.

Maganar ta shafi sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Jariri yana zuwa da wani nau'in himogulobin (furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini) da ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, amma cikin watannin farko jiki yakan rufe ƙwayar gadon da ke yin sa, sannan ciwon ya bayyana. A farkon shekarun 1980 an gwada azasitidin, ya sake buɗe ta. Tsoron illarsa ya sa likitoci suka koma ga haidroksiyuriya, wanda shi ma yake ƙara himogulobin na jarirai, kuma shi ake ba masu sikila a yau.