Zafi, Sanyi da Jijjiga a Na'urar Ɗaurawa a Jiki: Ga Amsoshin, Karo na Barkatai

Me ke kawo sanyi da ɗumi a safar hannu mai na'ura, wadda ke sa mai ita ya ji zafi, sanyi da jijjiga?

Farantin Peltier. Lantarki ya ratsa shi, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. A juya wutar, su musanya. Jean Peltier ya gano haka tun 1834. Jijjiga kuwa aikin wani ƙaramin inji ne daban.

Na kunna sanyi, jijjigar ta raunana. Injin ya lalace?

Lafiyarsa lau, kwantar da hankalinka. Fatarka ce. Ƙwayoyin Pacinian da ke cikinta, waɗanda suka fi jin jijjiga ta kusan sau 250 a daƙiƙa, suna yin kasala idan fata ta yi sanyi. Daina kwance na'ura a banza.

In kunna farantin da injin jijjigar lokaci guda?

To, nan ne wurin. Ya danganta. Saƙon taɓawa na bin manyan jijiyoyi masu sauri, na ɗumi kuwa siraran jijiyoyi ne ke ɗauke da shi, ba sa wuce mita 2 a daƙiƙa. Ga farantin kansa sai ya ɗan ɗau lokaci kafin ya ɗumama. Don haka in kana so mai safar ya ji kamar ya kama kofi mai ɗumi, galibi gara farantin ya riga, jijjigar ta biyo. Nawa ne tazarar? Ba lamba ɗaya da za ta dace da kowa. Kan yatsa da wuyan hannu ba ɗaya ba ne, fatar da ta riga ta huce ma daban. In sanyi ne, wataƙila sai ka ɗan ƙara ƙarfin jijjigar, amma da zarar fatar ta koma ɗuminta za ta yi yawa. Gwada a hannun mutane da dama, kar ka tsaya a naka.

Na jera sanyi da ɗumi kusa da kusa, sai na ji ƙuna.

Masanin kimiyya Torsten Thunberg ya bayyana wannan tun 1896: digiri 20 gefen digiri 40 a ma'aunin Celsius, ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce. Raba su.

Zan iya ƙara zafin?

A'a. Sau nawa zan faɗa? Zafi kan fara ciwo wajen digiri 43, kuma digiri 44 na ƙona fata in ya shafe sa'o'i a manne. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka raunana ba lallai ya ji ba sai fatar ta tashi.