Rigimar mallakar dankalin turawa mai sitaci iri ɗaya

Wannan rigima ce da ta taso tsakanin kamfanonin Turai tun shekarun 1990, kan wa ke da haƙƙin mallakar dabarar da ake sauya ƙwayoyin halittar dankalin turawa har sitacinsa ya koma iri ɗaya tak.

Sitacin dankali dai kala biyu ne a haɗe, amilos kusan kashi 20 cikin 100, sauran kuma amilofektin. Masu yin takarda da gam da masaƙu amilofektin suke so, shi ne mai yauƙi da sheƙi wanda ba ya saurin daskarewa, raba shi da amilos a masana'anta kuwa yana cin ruwa da wuta da kuɗi ba kaɗan ba. Sai masana suka ce to me zai hana a toshe abin tun daga gona, aka saka wa dankalin juyayyen kwafin ƙwayar halittar GBSS wadda ita ce ke haɗa amilos, sai ta asalin ta yi shiru, dankalin ya daina yin amilos. Gwajin ma ba wuya, a yanka dankalin a ɗiga aidin, na yau da kullum zai yi shuɗi sosai, wanda aka sauya kuwa ja-ja zai yi.

Matsalar ita ce ɓangare biyu suka yi aikin kusan lokaci guda, su Richard Visser a Holan tare da Avebe, ƙungiyar manoman dankalin sitaci, da su Per Hofvander na kamfanin Amylogene a Suwidin, maganar har ta kai gaban hukumar rajistar ƙirƙira ta Amurka, inda a wancan zamanin wanda ya fara ƙirƙira ake ba haƙƙi ba wanda ya fara kai takarda ba, tsarin da sai a 2013 aka canza shi.

Dankalin Suwidin shi ya koma hannun BASF, kamfanin sinadarai na Jamus, da sunan Amflora. Shekara 13 yana jiran izini kafin Tarayyar Turai ta amince a shuka a Maris 2010, kuma abin takaici bayan duk wannan wahalar gonaki 'yan kaɗan ne suka gan shi a Jamus, Suwidin da Cek, jama'a na ta adawa saboda yana ɗauke da ƙwayar halittar da ke jure maganin antibayotik. BASF ya haƙura da shi a 2012, a Disamba 2013 kotun Tarayyar Turai ta soke izinin bayan ƙarar da Hungary ta shigar. Avebe kuwa tun 2005 ta fito da nata sitacin amilofektin mai suna Eliane daga dankalin da ba a saka wa baƙuwar ƙwayar halitta ba.