Ƙaramin zarton batir mai kai-da-komo

Zarto mai kai-da-komo injin hannu ne wanda ruwansa ke fitowa ta baki kamar takobi, yana shiga yana fita da sauri, har kusan sau 3,000 a minti ɗaya. Jan da hannun kafinta ke yi da zarton gargajiya, shi moto ke yi a nan. Kamfanin Milwaukee na Amurka ya fito da shi a 1951 da sunan Sawzall, sunan kuma ya kama bakin ma'aikata har suna kiran na wasu kamfanoni da shi. A kwalayen da aka rubuta da Faransanci, irin waɗanda ake gani a shagunan kayan gini na Maraɗi, sunansa scie sabre. Ƙaramin samfurinsa da batir yake aiki, nauyinsa daga kilo ɗaya da ɗoriya zuwa wajen kilo biyu, kuma an ƙera shi don a riƙe da hannu ɗaya.

Aikin da ya dace da shi

Ba zarton ƙawa ba ne. Bakin yankansa da kaushi yake fita, layinsa kuma ba ya miƙewa sak, don haka mai haɗa kujera ko kabad ba zai ji daɗinsa ba. Gwanintarsa tana lungu, inda babban inji ba ya shiga kuma hannu ba ya samun wurin ja. Mai gyaran famfo da ya tona siririn rami a gindin bango ya tarar da tiyon roba ya fashe, zarton hannu sai ya yi ta bugun ƙasa da gini. Wannan kuwa a zura ruwansa kawai, a danna kunama, hannun hagu na riƙe da tiyon. Haka wajen cire tsohuwar ƙofa: a sa ruwan tsakanin katako da gini ya datse ƙusoshi ba tare da an farfasa bango ba. Ya ɗara injin yanka mai faifai a wuri ɗaya: ba ya feshin tartsatsi kamar shi, abin da ke da muhimmanci kusa da rufin kara ko tulin harawa.

Yana kuma sare ƙananan rassa. A yankin Maraɗi, inda manoma suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, wato barin tohon kututture ya girma a gona ana rage masa rassa, adda da gatari ne kayan aikin, sun kuma fi arha nesa ba kusa ba. Zarton batir ya fi dacewa da mai lambu ko mai gida da ke son datse reshen mangwaro ko na dogon yaro da ya sauko kan kwano, ba tare da ɓawon ya yage ba. Gawo da wasu itatuwa suna ƙarƙashin kariyar dokar gandun daji ta Nijar, a riƙa tunawa da haka kafin a kai musu ƙarfe.

Bolt da ƙarfin batir

Samfura biyu ne suka fi yawa, na bolt 12 da na bolt 18. A cikin batirin na farko akwai ƙwayoyin litiyam uku a jere, kowace bolt 3.6, jimla 10.8, lamba 12 da ake bugawa ita ce ƙarfinsa a lokacin da ya cika da caji. Na biyu ƙwayoyi biyar ne, shi ya sa wani kamfani zai rubuta 18, wani ya rubuta 20, alhali abu ɗaya ne. Wanda ya ƙara kuɗi don ganin 20 maimakon 18, rubutu ya saya.

Wannan lissafi yana tona asirin wasu kaya masu arha da ake rubuta wa bolt 88 ko fiye a jiki. Batirin da zai ba da bolt 88 na gaske sai ya haɗa ƙwayoyi sama da ashirin a jere, kowace ƙwaya kuwa tana da nauyin wajen giram 45. In batirin bai fi tafin hannu ba kuma ba a jin nauyinsa, lambar ado ce.

Lambar da ke biye da haruffan Ah ita ke nuna daɗewar caji. A ninka ta da bolt a samu abin da batirin ke ɗauka: Ah 2 a bolt 18 ya ba da wat-awa 36, Ah 2 a bolt 10.8 kuwa bai kai 22 ba. Zarto mai kai-da-komo yana shan caji fiye da injin ɗaure ƙusa, saboda haka batir biyu matsakaita sun fi babba ɗaya amfani, ɗaya na aiki ɗaya na kan caja. Galibi batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Wanda ya riga ya mallaki injin huda na Makita, Bosch, DeWalt ko Ingco, mafi sauƙi ya nemi zarton da ke cin batirin da yake da shi, ya sayi gangar jikin kaɗai, tunda batir da caja su ne ke cinye babban rabon kuɗin.

Tsawon ja

Nisan da ruwa ke tafiya a kowane kai-da-komo ya fi yawan bugu nuna saurin yanka. Ƙananan na bolt 12 suna jan milimita 13 zuwa 16, manyan zartuna na hannu biyu suna kai wa 28 zuwa 32. Gajeren ja yana da jinkiri a katako mai kauri, amma ya fi biyayya a matsattsen wuri, kan ruwan ba ya saurin dukan abin da ke baya. Kamfanoni kan ƙayyade wa na bolt 12 kaurin da bai wuce milimita 50 zuwa 65 ba. Wanda aikinsa ya haɗa da azara ko katakon rufi kullum, ya wuce zuwa na bolt 18. Moto marar gawayi, wato marar 'yan guntayen kabon da ke gogar ɓangaren da ke juyawa, ya fi tsada, ya fi tattalin caji, kuma babu gawayin da zai cinye a je neman sauyi.

Ruwan zarto

Nan ne mafi yawan masu saye ke kuskure, su ɗora wa inji laifin ruwa. A jikin kowane ruwa akwai lamba da haruffan TPI, wato yawan haƙora a inci ɗaya, inci kuwa milimita 25.4 ne. Mai haƙora 3 zuwa 5 na ɗanyen itace ne, giɓinsa mai faɗi yana fitar da jiƙaƙƙen gari. Mai 6 na busasshen katako. Mai 10 zuwa 14 yana ɗaukar tiyon roba da katako mai ƙusa. Mai 18 zuwa 24 na ƙarfe ne marar kauri, irin bututu da kwano. Ƙa'idar masu aiki ita ce haƙora uku aƙalla su kasance a kan abin da ake yankawa a kowane lokaci. In aka sa mai manyan haƙora a kan kwano, haƙori zai kama baki, injin ya yi ta fizgar hannu, kwanon na kaɗawa kamar ganga ba tare da ya yanku ba.

Ruwan ƙarfen kabon na katako ne kawai, ƙusa ɗaya ta isa ta dakushe shi. Mai ƙarfe biyu, wanda aka haɗa haƙora masu tauri da jiki mai lanƙwasuwa, shi ne na yau da gobe. Mai haƙoran kabayid, wani haɗi mai tsananin tauri, ya fi su tsada da juriya. Abin sauƙi shi ne gindin ruwan kusan iri ɗaya ne a duk kamfanoni, faɗinsa rabin inci, don haka ruwan wannan yana shiga bakin wancan. Ga ƙaramin inji, mai tsawon milimita 100 zuwa 150 ya wadatar. Dogo yana lilo, yana kuma wahalar da moto. Kafin a biya kuɗin inji, a tabbatar akwai shagon da ke kawo ruwan a gari. In sai an yi saƙo Katsina ko Kano ta hanyar Ɗan Isa duk lokacin da ɗaya ya karye, injin zai fi zama a kwali.

Zafi, ƙura da caja

Batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Takardun kamfanoni da yawa suna iyakance caji a wajen digiri 40, a Afrilu da Mayu kuwa rana a Maraɗi tana zarce haka. Batirin da aka cire daga aiki da ɗumi a bar shi ya huce a inuwa, a yi cajin da dare ko da sassafe, kada a bar shi cikin akwatin babur ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. In zai daɗe ba a taɓa ba, a ajiye shi da rabin caji. Ƙurar hunturu tana cushe ramukan shan iska da maƙallin ruwa, sai a riƙa kaɗe su bayan aiki.

Wutar Nijar bolt 220 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka galibi cajarsu ta bolt 120 ce, in aka jona ta kai tsaye ƙonewa take yi. A juya bayan cajar a karanta kafin ciniki.

Dubawa a shago da riƙo wajen aiki

A sa batir a danna kunama a hankali: injin kirki yana farawa sannu, ya ƙara gudu gwargwadon dannawa, abin da ake bukata wajen yankan ƙarfe, wanda ke son gudu kaɗan don kada haƙora su ƙone. A saka ruwa a girgiza shi da yatsa a ga ko maƙallin ya riƙe. A duba makullin kunama, saboda inji marar shi yana iya tashi cikin jaka.

Wajen yanka, ƙarfen madogari da ke bakin injin a manna shi da abin da ake yankawa. Da zarar an bar rata, jijjigar ta koma cikin hannu maimakon cikin katako. A sa tabarau na kariya, a cire batir kafin sauya ruwa, ruwan da ya gama yankan ƙarfe kuma yana ƙona yatsa. A bango ko silin, a fara sanin inda wayar wuta da tiyon ruwa suka bi, a kashe wutar gidan daga mita kafin a zura.