Akwatin Ƙorafi Kaɗai Ba Zai Gyara Asibitin Mazaɓa Ba

A ƙananan asibitoci da yawa akwai ɗan akwatin katako a jikin bango, da kwaɗonsa, an ajiye shi don shawara da ƙorafi. Ranar da aka buɗe shi, sai ƙura da saƙar gizo-gizo. Kada wannan ya sa a ɗauka jama'a sun gamsu. Yawancin masu zuwa mata ne masu juna biyu da masu goyo. Wasu ba sa rubutun boko, wasu kuma ba za su rubuta ƙorafi a kan idon malamar da gobe za ta karɓi haihuwarsu ba. Mabuɗin ma sau da yawa yana aljihun shugaban asibitin.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowane ɗan Najeriya damar kai kuka kan yadda aka kula da shi a asibiti, a kuma bincika. Amma mutanenmu suna da kara. Ka tambayi mace "Yaya aikin asibitin?", za ta ce "Alhamdu lillahi", ko da ta wuni a kan benci. Dole a san yadda za a yi tambayar.

Mai tambaya kada ya zama ma'aikacin wurin. Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa, wato kwamitin mutanen gari da ke sa ido kan asibitin, ya zaɓo mutum biyu, mace da namiji, macen ta ji ta bakin mata. Su tsaya a wajen ƙofa, can gindin bishiya inda ba a hango su daga ɗakin duba marasa lafiya. Ba a rubuta suna, kuma a faɗa wa mutum haka tun kafin a fara. Tambayar mutum 20 zuwa 30 a wata ta isa, a rarraba su: ranar awo, ranar rigakafi, ranar kasuwa, da wata rana da yamma. Idan kullum da safe ake tambaya, ba za a taɓa jin labarin wanda ya zo bayan la'asar ya tarar da ƙofa a rufe ba.

Tambayoyin su zama na abin da ya faru, ba na ra'ayi ba. "Hajiya, yaushe kika iso, yaushe aka duba ki? An gwada miki hawan jini? An ba ki maganin a nan, ko an rubuta miki ki saya a kemis? Nawa kika biya, an ba ki rasit? An yi miki bayanin yadda za ki sha? An saki labule lokacin da ake duba ki?" Minti biyar ya wadatar, domin mai jego da yaro a baya ba za ta jure dogon zance ba. Kan batun tarba da mutuntawa, wanda baki ke nauyin faɗa, a ajiye gwangwani uku a bayan zana: na mai kyau, na dama-dama, na marar kyau. A ba ta ƙwayar wake ɗaya ta jefa inda ta ga dama, da yamma a ƙirga.

Akwai waɗanda wannan hanya ba ta kamawa, wato waɗanda suka daina zuwa. Su ne suka fi kowa sanin abin da ya kore su. A bi ta hannun ungozoma da masu unguwanni a zauna da matan da suka haihu a gida cikin watanni ukun da suka wuce, a zauna da mazajensu daban.

Ma'aikata ma masu ɗaki ne, sun san inda yake yoyo. A ji su ba tare da shugabansu a wurin ba, har da mai shara da mai gadi. A nan ake gano cewa malamar da ake zargi da faɗa ita kaɗai ce ke awo da allura da cika rajista, ko firjin rigakafi ya kwana biyu ba ya sanyi, ko kuma da fitilar waya ake karɓar haihuwar dare. Idan aka mai da zaman wurin kama suna da tozartawa, wata mai zuwa babu wanda zai buɗe baki. Laifin mutum ɗaya, irin karɓar kuɗi a kan abin da yake kyauta, a kai shi ga shugaba a keɓe.

Abin da aka tattara a kasa shi uku. Akwai wanda asibiti zai gyara cikin mako ba tare da ko kwabo ba, kamar raba lambar layi da liƙa farashi a bango. Akwai na kwamiti da al'umma, irin gyaran famfo ko rumfar jira. Asibitin da ke samun kuɗin Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wato asusun gwamnatin tarayya da ke tallafa wa ƙananan asibitoci, yana iya sa irin wannan a tsarin kashe kuɗinsa. Ƙarin ma'aikata kuwa sai an rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Kada a ɗauki fiye da abu uku a zama ɗaya, kowanne da sunan mai alhakinsa da ranar kammalawa.

Sannan a mayar wa jama'a amsa. A liƙa takarda a ƙofa da boko da ajami: ga abin da kuka ce, ga abin da aka yi, ga wanda ya gagara da dalilinsa. A karanta ta ga mata ranar awo, liman ya sanar bayan sallar Juma'a. Bayan wata uku a sake yin tambayoyin nan dai, a gwada da amsoshin farko.