Jam'iyyar da Babu Sunanta a Takardar Ƙuri'a: Yadda Ƙananan Jam'iyyun Amurka ke Neman 'Yan Takara da Haɗa Kai

Yawancinmu jam'iyyu biyu muka sani a Amurka, Democrat da Republican. Amma a bayansu akwai wasu da dama: Libertarian da aka kafa a 1971, Green, Constitution, har da Prohibition mai adawa da giya, wadda ke nan tun 1869. Kafin su kai ga maganar cin zaɓe, sai sun fara da yaƙin ganin an buga sunansu a takardar da mai zaɓe zai riƙe.

Wai me ake nufi da jam'iyya ba ta da gurbi a takardar ƙuri'a?

Amurka ba ta da hukuma guda da ke yi wa jam'iyya rajista ta ba ta damar tsayar da 'yan takara a ko'ina, kamar yadda INEC ke yi a Najeriya. Kowace jiha da dokarta. Jam'iyya tana iya samun cikakken matsayi a wata jiha, a maƙwabciyarta kuma doka ba ta san da zamanta ba. Inda ba ta da matsayi, dole ta bi jama'a tana tara sa hannun masu rajistar zaɓe kafin wata rana da aka tsayar. Matsayin ma ba gado ba ne. Idan ƙuri'unta suka gaza adadin da jihar ta gindaya, sai a soke, ta koma farko.

Tara sa hannu kawai? Ai wannan bai kai a yi kuka ba.

Sai ka ji adadin tukuna. A Jojiya, ɗan ƙaramar jam'iyya da ke neman kujerar Majalisar Wakilai ta tarayya sai ya kawo sa hannun kashi 5 cikin ɗari na masu rajista a mazaɓarsa. Tun 1943 aka kafa dokar, kuma har yau babu ɗan ƙaramar jam'iyyar da ya tsallake ta. A 1971 Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

A Texas kwana 75 ake ba sabuwar jam'iyya, kuma duk wanda ya jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu ba ya da ikon sa mata hannu. Wato an riga an kwashe mutanen da suka fi damuwa da siyasa, an bar ta da sauran. Jihar New York kuma ta ɗaga katanga a 2020. Da, ƙuri'a 50,000 a zaɓen gwamna ta wadatar, yanzu sai 130,000 ko kashi 2 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa, kuma duk bayan shekara biyu. Sa hannun da ake nema ya tashi daga 15,000 zuwa 45,000. Green da Libertarian duka sun rasa matsayinsu a shekarar, kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 2024 sunaye biyu kacal aka buga wa mutanen jihar.

Ƙari a kan haka, lauyoyin manyan jam'iyyu kan bi takardun layi-layi suna neman kuskuren adireshi ko kwanan wata. Shi ya sa ƙananan ke tara fiye da abin da aka nema nesa ba kusa ba, sau da yawa ta hanyar biyan masu yawon karɓar sa hannu a ƙofar kantuna da wuraren taruwar jama'a.

To wa zai yarda ya tsaya wa jam'iyya irin wannan?

Nan ne aikin yake. A babbar jam'iyya 'yan takara ne ke layi suna neman tikiti. A ƙarama kuwa, jam'iyyar ce ke bin mutane tana lallashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ƙasa. Kujeru da yawa na ƙananan hukumomi, kamar hukumar makarantu, majalisar gari da hukumar ruwa, ana zaɓensu ne ba tare da rubuta sunan jam'iyya ba. Sa hannu kaɗan ake nema, wani lokacin ma kujerar ba ta da mai nema. Shugabannin jam'iyya kan duba irin waɗannan guraben, su nemo mambansu da ke zaune a yankin, su cika masa takardu. Gayle McLaughlin ta Green ta zama magajiyar garin Richmond na Kalifoniya a zaɓen 2006, Kshama Sawant ta Socialist Alternative kuma ta ci kujerar majalisar birnin Seattle a 2013, dukansu a zaɓen da ba a sa alamar jam'iyya.

Akwai kuma ɗan takarar riƙon gurbi. Shi ya san ba zai ci ba, jam'iyyar ma ta sani. Abin da ake buƙata shi ne ya samo kason ƙuri'un da zai hana a soke matsayinta, don kada a sake fita tara sa hannu. Irin wannan takara ba ta da armashi, amma ita ke riƙe da gidan.

Sai ta uku, wato kama babban kifi da ya yi fushi da gidansu. Gary Johnson tsohon gwamnan New Mexico ne a Republican kafin Libertarian ta tsayar da shi a 2012 da 2016, inda a karo na biyu ya samu sama da kashi 3 cikin ɗari. A 2008 tsofaffin 'yan majalisa biyu daga Jojiya suka fito, Bob Barr a Libertarian, Cynthia McKinney a Green. Sai dai jihohi da yawa suna da dokar hana wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na wata jam'iyya ya sake fitowa a wata. Ita ce ta hana a buga sunan Johnson a Michigan a 2012, saboda takardarsa ta janyewa daga zaɓen Republican ta makara da 'yan mintuna.

Idan ga ɗan takara amma babu gurbi fa?

Ko dai ya roƙi magoya baya su rubuta sunansa da hannu a takardar, abin da jihohi irin su Oklahoma da Hawaii ba su yarda da shi ba, ko kuma ya yi aron gurbi. Akwai jam'iyyun da ƙarfinsu bai wuce jiha ɗaya ba, wasu ma sun mutu a ƙasa baki ɗaya sai reshe guda ya rage, amma suna riƙe da matsayi. Mai gurbi ba shi da ɗan takara, mai ɗan takara ba shi da gurbi, sai a daidaita.

Peace and Freedom ta Kalifoniya ta ba Gloria La Riva gurbinta a 2016 da 2020, ta kuma ba Claudia De la Cruz a 2024, alhali dukansu 'yan takarar wata jam'iyyar gurguzu ce. Howie Hawkins ya tsaya wa Green da Socialist Party USA lokaci guda a 2020. Robert F. Kennedy Jr. a 2024 ya shiga Michigan da sunan Natural Law, ya shiga Kalifoniya da sunan American Independent. Da ya janye ya bi Trump, ya nemi a cire sunansa a Michigan, ya je har Kotun Ƙoli, bai samu ba.

Mai bin siyasar Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tsarin mulkin 1999 bai ba da damar takara ba tare da jam'iyya ba, kuma bayan INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020, waɗanda suka tsira sun ƙara daraja. A 2022 Peter Obi ya koma Labour, Kwankwaso ya koma NNPP.

Ɗan Libertarian na son a rage hannun gwamnati, ɗan Green na son a ƙara. Me zai haɗa su?

Ƙofar da aka kulle musu. Tun 1985 suke da wata gamayya mai suna COFOE da ke haɗa ƙananan jam'iyyu kan dokokin zaɓe, kuma a shekarar ne Richard Winger ya fara fitar da mujallar Ballot Access News mai bin diddigin waɗannan dokoki jiha-jiha.

A kotu haɗin ya fi amfani. A da a Pennsylvania, ana iya tilasta wa wanda aka soke takardunsa ya biya kuɗin shari'ar waɗanda suka ƙalubalance shi. An ɗora wa Ralph Nader, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa, sama da dala 80,000 bayan zaɓen 2004. Wa zai sake tsayawa bayan ya ga haka? Constitution da Green da Libertarian suka shigar da ƙara tare, suka yi nasara, a 2016 aka sauko da sa hannun takarar shugaban ƙasa zuwa 5,000.

Haka ma batun muhawara. Hukumar da ta daɗe tana shirya muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta gindaya samun kashi 15 cikin ɗari a binciken jin ra'ayi. A 2004 an kama Michael Badnarik na Libertarian da David Cobb na Green a St. Louis suna ƙoƙarin kutsawa wurin muhawarar, daga baya kuma suka haɗa kai wajen neman a sake ƙidaya ƙuri'un Ohio. A 2012 'yan takara huɗu suka yi tasu muhawarar a Chicago, ɗan jaridar talabijin Larry King na jagoranta.

Me ya hana su dunƙulewa su tsayar da mutum ɗaya?

Aƙida, sai kuma doka. Yawancin jihohi sun haramta jam'iyyu biyu su fito da mutum ɗaya kowacce a layinta, kuma Kotun Ƙoli ta amince da haramcin a 1997. New York da Connecticut na cikin 'yan tsirarun da ke bari, kuma da wannan ne jam'iyyar Working Families ta rayu tun 1998.

Ba a taɓa ƙwace musu gidan ba?

An yi. Ross Perot ya samo wa jam'iyyar Reform kashi 8 cikin ɗari a 1996, abin da ya ba ta damar karɓar dala miliyan 12.6 daga asusun gwamnati a zaɓe na gaba. Kuɗin da gurbin suka jawo Pat Buchanan daga Republican, ya karɓe tikitin 2000, jam'iyyar ta dare gida biyu, ya ƙare da ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ba ta sake farfaɗowa ba.

Wani lokacin kuma taimakon ne ke zuwa da ƙugiya a ciki. Tun da Bush ya ci Florida da ratar ƙuri'a 537 a 2000, yayin da Nader na Green ya samu sama da 97,000 a jihar, manyan jam'iyyu ke kallon ƙanana a matsayin makamin rage wa abokin hamayya ƙuri'a. A Montana a 2020, jam'iyyar Republican ta jihar ce ta biya dala 100,000 aka tara wa Green sa hannu, 'yan Green ɗin kuma suka fito suka ce ba da yawunsu aka yi ba. 'Yan Democrat suka bi waɗanda suka sa hannu suna roƙonsu su janye, ɗaruruwa suka janye, kotu ta cire sunan Green daga takardar.